Murhun Mutanen Farko

"Inna, ke ma 'yar aji huɗu ce?"

Safiyyatu ta yi tambayar da ƙarfi, daidai lokacin da uwarta Delu ke cusa tukunya cikin motar auduga da makaranta ta aro a Bolari. Yara suka kwashe da dariya.

"Matsa mini, sarkin surutu."

Shekarar da aka mai da Gombe ƙarƙashin Jihar Bauchi ce. Malam Titus, mai koyar da tarihi, ya dage cewa yara ba za su san ƙasarsu a jikin allo ba, sai sun je kufan tsohon gari sun gani da idonsu. Delu ba ta ƙi ba. Amma a kai mata 'yar shekara tara daji, wuni guda, a hannun gwauron da ko shayi bai iya dafawa ba?

"Maman Safiya, don Allah a kula," in ji Malam Titus. "Wata uku ina zarya kafin mai tsaron wurin ya yarda. Ya ce in aka taɓa ko tsinke, kada ya ƙara ganin ɗan makaranta."

"Ina ruwana da tsinkensa? Ciyar da yara na zo yi."

Da hantsi suka isa. Baffa Jalo, tsohon da ya gaji tsaron kufan, ya jera yara ya tafi nuna musu ragowar ganuwa. Delu ta tsaya neman inda za ta girka. Sai ga duwatsu uku a gindin tsamiya, a jere tsaf, an share kewayensu fes.

"Allah ya yi wa mai aikin nan albarka," ta ce, ta ƙyasta ashana.

Shinkafa da wake na tafasa suka dawo, Baffa Jalo na tafe da baya yana bayani.

"Saura babban abin. Murhun da mutanen farko suka ɗora tukunya ranar da suka sauka. Tun kakan kakana ba wanda ya..."

Ya juyo, sai ga tukunyar Delu a kan murhun. Alli ya faɗi daga hannun Malam Titus. Safiyyatu ta cusa fuska cikin littafi.

Delu ta durƙusa, ludayi a hannu. "Baffa, laifina ne. Ba na Malam ba ne, ba na yara ba. In kora ce, ni kaɗai."

"To, sauke."

"Baffa, saura kaɗan ta tsotse. In na sauke yanzu ta lalace, ga yara arba'in da yunwa."

"Wayyo Allah," Malam Titus ya ce can ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya zagaya murhun sau biyu. Ya sunkuya, ya sa sandarsa ya ɗan tura tukunyar.

"Ba ta girgiza?"

"Ko kaɗan. Wanda ya jera su ya san girki."

Tsohon ya miƙe tsaye.

"Shekara talatin da suka wuce wani Bature ya zo nan, ya ce mini duwatsu ne kawai ruwa ya gangaro da su." Ya ɗaga sanda. "Kai, yara, ku matso! Ku duba da kyau. Ruwa ne ya yi wannan?"

"A'aaa!"

Kwano biyu ya ci. Da ya wanke hannu ya dubi Malam Titus.

"Baɗi ka kawo su. Amma wannan baiwar Allah a bar ta a gida." Ya yi gyatsa. "Abincin dai a aiko."

Ke uwa mai karanta wannan, bi 'yarki, ban hana ki ba, ni ma sai na bi tawa. Amma in kin ga duwatsu uku a share a tsakiyar daji, kada ki ƙyasta ashana sai kin tambaya. Ba kowane kufai ke da Baffa Jalo ba.