Dinamon Fijon Akpovi

Injin niƙana yana jikin rumfar Fofo Dansu a Bohikon, bangon langa-langa ne kawai tsakaninmu. Shi gyaran wutar mota yake yi tun ina yarinya.

A garin nan Fijo 404 ɗaya ta rage mai motsi, ta abokinsa Akpovi, wanda ke kwaso tukwanen ƙasa daga ƙauyensu zuwa kasuwa. Ciwonta dinamo ne. Akwai wasu 'yan gawayi biyu a cikinsa masu gogar jan ƙarfe. In sun cinye, batir ya daina caji, mota ta mutu a hanya. Na asali kuwa an daina kawowa. Har Kwatano Akpovi ya je nema, yaran kanti suka tambaye shi ko kakansa ne ya aiko shi. An taɓa sa wa motar dinamon zamani, wayoyi suka kama hayaƙi, ya rantse ba a ƙarawa.

Dansu ya ce zai sassaƙa da hannunsa. Amma ba ya so abokinsa ya tsaya a daji, sai an gwada tukuna.

"Asiba, ara mini ƙarfin injinki," in ji shi.

Ya huda bango, ya zuro bel. Muddin ina niƙa masara, dinamo na juyawa a kan tebur, an haɗa shi da ƙwan fitila. In fitila ta mutu, gawayi ya ƙare.

Gawayin farko daga cikin batirin tocila ya ciro shi. Kafin rana ta take ya zama gari.

"Asiba ta fi ka iya niƙa, amma ka kusa kamo ta," in ji Akpovi.

"Rufe mini baki, tsohon banza. Kai da motar taka wa ya fi wani tari?"

Na biyu ya ɗan jima, sannan ya tsage. Haka aka yi ta yi har damina ta shigo. Motar tana ƙarƙashin mangwaro, matan ƙauye kuma suka fara ba masu keke mai ƙafa uku tukwanensu. Ana fasa musu da yawa, amma dai ana kaiwa.

Daga baya Dansu ya samo wani gawayi a cikin tarkacen tsohon jirgin ƙasa, mai tauri, sai da ya dakushe masa zarto. Aka ɗaura. Fitila ta kama, kasuwa ta ci, wata kasuwar ta zagayo, ba ta mutu ba. Akpovi ya zo da kwalbar giyar sodabi, ya wanke motar, ya aika wa matan cewa ya kusa dawowa.

Wata safiya ina tsakiyar niƙa na ji ƙauri. Na leƙa, fitila tana ƙyafta ido. Na kashe inji.

Dansu ya kwance dinamon a gabanmu. Gawayin yana nan kamar yau aka sa shi. Jan ƙarfen ne ya cinye, ya yi rami har ƙasa, garinsa ja ya zubo a kan tebur.

"Ana iya ciko?" in ji Akpovi.

"Babu abin da za a cika a kai."

"Wani dinamon fa?"

"Wannan ne na ƙarshe da na sani, ɗan'uwa. Da na buɗe na duba tun da wuri..."

"Bari," in ji Akpovi. "Ni ma da na ga haske ban so a taɓa ba."

Ya koma ya zauna a benci.

Sun ƙara cigiya har garin Faraku, ba a dace ba. Da rani ɗan Akpovi ya zo ya tafi da shi Kwatano, inda yake zaman ƙofar gida yana kallon babura. Masu yankan ƙarfe suka sayi Fijon. Abu ɗaya ya roƙe su: su bari sai motar da zai hau ta fita gari kafin su kunna wutar yanka. Ba su jira ba.