Rigar Marigayi a Gonar Bakin Daji

Gonar Iya ce ta ƙarshe kafin wayar gandun daji, kuma wayar nan ba ta taɓa hana biri komai ba. A kanta ma suke zama su zaɓi gonar da za su fara da ita. Shekara da shekaru maƙwabta na kukan ɓarna, ban da mijin Iya. Shi dai ya fita da sassafe cikin shuɗiyar rigarsa da malafa, ya dawo da azahar ya ce ya gaji, kaka ta yi ya cika rumbu. Mutane suka yanke cewa birai tsoronsa suke ji. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, don mutum ne da ko sallamarsa sai ka kasa kunne.

Da rani ya rasu. Da damina Iya ta shuka masara ita kaɗai, ta nome ta, masara ta yi goyo, kuma ita ce cin gidan har baɗi. Gemun masarar na fara bushewa birai suka sauko.

Ta buga gwangwani. Ta yi ihu har murya ta dushe. Ta jefi uban garken, wani ƙato mai yagaggen kunne, ya ɗan kauce, ya dube ta yadda ake duban mai tallar abin da ba a bukata, ya ci gaba da ɓare masararsa. Kafin mako ya zagayo kunyoyin gefen waya sun zama kara.

Malamin daji ya zo a babur, ya zaga gonar hannu a baya.

"Iya, ba guba, ba tarko," ya ce. "Wanda ya kashe ɗaya, ni za a aiko in tafi da shi, kuma babur ɗin nan ba ya son goyo."

"To ɗan nan, in ci me?"

"Biri yana da lura. Ya san mai zane ba ta riƙe ɗanko. Ki nemo namiji ya tsaya miki."

Namijin da ya rage a gidan shi ne ƙanin mijinta, Tela, wanda rabonsa da gona tun kafin ya fara aski. Ta same shi a shago yana taka keke, ƙyallaye har idon sawu, allura a baki. Ya cire allurar ya saurara.

"Matar yaya, ni in tsaya gaban biri? Ni da zakaran maƙwabta ma sai na ba shi hanya. Amma ki tsaya. Yaya da ko ƙuda bai taɓa kora da ƙarfi ba, me za su tsorata a jikinsa? Rigar suke tsoro. Ɗauko ta."

Ta ɗauko ta daga ƙasan akwati. Ga facin kafaɗa da ta yi da jan ƙyalle ranar da shuɗi ya ƙare, ga manyan aljihunan nan da ta gaji da ɗinkewa ba ta san me yake huda su ba. Ta saka, Tela ya naɗe mata hannuwan rigar, ya ja da baya ya duba.

"Wallahi kin fi shi kwarjini."

"Ka fi shi surutu."

Da safe ta ɗora rigar a kan zanenta, ta kifa malafa, ta shiga gona da takun maigida. Tela ya biyo ta don ya ga aikinsa, ya tsaya bayan suri, inda ya ce an fi gani.

Birai na kan waya suka hango ta. Suka yi tsit. Sai suka sauko gaba ɗaya, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba, uwaye da 'ya'ya maƙale a ciki. Ba wanda ya taɓa masara. Suka zo suka kewaye ta suka zauna. Mai yagaggen kunne ya matso, ya zauna a gabanta, ya miƙo hannu.

"Matar yaya," in ji Tela daga bayan suri, murya ƙasa-ƙasa, "ina jin gaisuwa suka zo yi miki."

Iya ta dubi hannun da aka miƙo mata. Ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba, sai ta zuba su a aljihu, yatsunta suka taɓo busasshen ɓawon ayaba da 'ya'yan gwaba maƙale a ɗinki. Nan ta tuna kwandon bayan madafa, inda take tara ruɓaɓɓen mangwaro da ɓawo da tsakin kaji, wanda kullum safe take samunsa wayam. Shekaru tana zagin akuyar maƙwabciya a kan kwandon nan. Akuyar ma ta mutu, aka sayo wata akuyar, zagin ya koma kanta.

Ƙaton ya gaji da miƙo hannu. Ya tashi ya kama wata siririyar hanya da ta bi ta bayan gona, ya waiwayo. Iya ta bi shi, garken ya bi ta, Tela ya bi garken daga nesa. Suka haye rafi, suka zaga bayan wani dutse, can ƙarshen saurar da marigayi bai taɓa nomawa ba. Gwaba da mangwaro sun tsiro birjik ba tsari, yadda iri ke tsirowa inda aka jefar da shi. A inuwa akwai falalen dutse da zama ya goge shi sumul. Iya ta dube shi ta daɗe.

"Nan yake gajiya," ta ce.

Ta zauna. Birai suka hau gwaba. Da rana ta take suka koma daji su kwanta, ita ma ta koma gida.

Washegari ta cika aljihunan daga kwando. Rana ta gaba ma haka. Da labari ya kai wa malamin daji ya zo ya same ta a kan falalen.

"Iya, an hana ciyar da namun daji."

"Ban ciyar da kowa ba. Shara na zubar a filin mijina."

Ya dubi sharar, ya dubi bishiyoyin, ya sosa ƙeya. Da ya dawo sai ga shi da dashen gwaba a bayan babur, da irin barkono na shukawa a gefen waya, don biri ba ya son yaji.

"A ƙara itatuwan," ya ce, "har wata rana su daina duban aljihunki."

Kaka ta yi, Iya ta cika rumbu, sai ɗan gurbi a sama daidai kunyoyin da aka cinye. Ta ɗebi masara a kwano ta kai wa maƙwabciya ba tare da bayani ba, ta tsaya ta tambayi lafiyar akuya.

Rigar kuwa ta fara rabewa a baya. Ta kai wa Tela ta ce ya ɗinka wata irinta sak.

"In rage miki ita daidai jikinki?"

"Kar ka rage komai."

"Facin fa? Sabuwar riga da faci, matar yaya? Sunana zai ɓaci a gari."

"Ja, a kafaɗar hagu," ta ce. "Kuma ka ninka aljihun."