Kaurin Muryar Halti Fikriyya

Sifiku kala biyu Ammu Mitwalli ya jera wa Basant a kan kantar shagonsa da ke unguwar Babul Luk, ya fara kunna manyan. Gilashin kantar ya ɗauki rawa, kofin shayinsa ya soma tafiya da kansa. Da ya juya kan ƙananan masu ruwan toka, sai waƙar ta fito tsirara, har ana jin inda mawaƙin ya ja numfashi.

"Kuɗinsu ɗaya," in ji shi. "Manyan nan daɗin baki gare su. Ƙananan kuwa ba su da kunya, abin da kika ba su shi za su mayar miki. Ɗakin naki taku nawa ne?"

Basant ta ce ɗaki ne dai kamar kowane ɗaki.

"To ki turo yayanki ko maigidanki ya auno mini, sai in san abin da zan ba ki."

Wasu makaɗan biki biyu da ke zaune suna jiran gyara suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce a miƙo wa Injiniya kujera, kada takardar shaidarta ta yi mata nauyi.

Ta saba da irin wannan. Shekara huɗu ta yi tana karatun haɗa sauti, ita kaɗai mace a ajinsu. Ta ƙara biyu a situdiyon wani mutum tana naɗe wayoyi da kai wa baƙi shayi, ba a taɓa bari ta ɗora yatsa a kan na'ura ba. Duk ta shanye, ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Amma yau da kuɗin guminta ta zo. Ta nuna manyan da haɓa, ta ce a ɗaure mata su.

Tsoho Mitwalli ya daɗe yana kallonta. Yana ɗaure kwalin ya ce idan ta ɗauki waƙar farko, kafin ta ci gaba ta ba wani direban tuktuk, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya kunna mata ta ji, haka kowa ke yi a garin nan. Ta ce ita ba a bakin titi ta koyi aikinta ba.

Kwana biyar gare ta. Halti Fikriyya, yayar mahaifiyarta wadda ta raine ta, za a yi mata aikin maƙoƙo ranar Asabar, kuma likita bai ɓoye musu ba: muryar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Shekara arba'in matar nan tana waƙar ranar lalle a lungunan unguwar Imbaba, da wata murya mai kauri wadda mazan da ke zaune a waje kan rantse namiji ne ya saje cikin mata. Da muryar aka biya wa Basant makaranta. Ba a taɓa ɗaukar muryar a na'ura ba, don duk wadda ta ɗaga mata waya sai ta tsayar da waƙa ta zage ta tas.

Ɗakin Basant a saman bene yake, taku uku ne da huɗu, ƙasa tayil, bango siminti. Halti ta hawo tana haki, ta dubi sifikun, ta tambaya wa ya mutu aka kawo akwatin gawa har biyu.

"Zauna nan, Halti. Kada ki taɓa makirfon."

"Ni da na tashi Imbaba kaf daga barci ba makirfo, yau 'yar da na yi wa tsarki ke koya mini zama."

Suka jira mai sayar da tukunyar gas ya wuce da bugun ƙarfensa, sannan Halti ta rera baiti ɗaya na gwaji. Basant ta mayar musu su ji. Ɗakin ya cika da ruri kamar jirgin ƙasa zai ratsa ta cikinsa, taga tana karkarwa, kalmomin sun nutse. Ta kai hannu kan ƙaramar na'urar da sauti ke bi kafin ya shiga kwamfuta, ta murɗa maɓallin kauri baya. Aka sake. Ta ƙara murɗawa. A karo na huɗu muryar ta fito fes, Halti ta gyaɗa kai.

A makaranta an sha gaya musu cewa abin da aka yanke a bakin ƙofa ba ya shiga gida, a ɗauka yadda yake, a gyara daga baya. Ta sani sarai. Sai dai kunnenta ya ce mata daidai ne, kuma ba ta ga dalilin da za ta ƙaryata kunnen da ta sha wuya a kansa ba. Waƙa goma sha bakwai suka ɗauka a haka. Ranar Laraba ta wuce layin 'yan tuktuk da memori a jakarta, ta rage sauri, ta tuna dariyar makaɗan nan, ta wuce.

Aka yi aiki lafiya. Wata biyu suka shige, muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage raɗa ce, sai ka kai kunne bakinta.

Wata ranar Litinin da hantsi suna dawowa daga asibiti, suka shiga tuktuk ɗin Usta Ragab, baƙo a layin, wanda bai san su ba. Kiɗa na tashi daga ƙarƙashin kujera. Halti ta ja hannun rigar Basant, ta nuna jakar, ta nuna rediyon. Basant ta ce a bari sai sun je gida. Halti ta sake nunawa, da irin kallon da ba a yi masa musu.

Direban ya soka memorin. Tafin farko ya shigo, sannan muryar.

Siririya ce, ta hanci, kamar ta yarinyar da ke leƙowa ta bayan labule. Kalmomin duk suna nan, karin yana nan, har 'yar dariyar da Halti kan yi kafin amshi. Ƙirjin ne babu. Rurin da Basant ta yi ta yankewa ashe na sifikun ne da bangon ɗakinta, ita kuwa daga jikin tsohuwar ta yi ta yanka. Ta san ko ta kwana bakwai tana murɗa maɓallin gaba, shuuu kawai zai ƙaru.

Usta Ragab ya ƙara sauti, ya bubbuga rediyon, ya leƙo su ta madubi.

"Wace ce wannan, Hajiya? Waƙoƙin dai na asali ne, irin na iyayenmu. Amma a ba yarinyar nan wake da burodi ta ƙoshi tukuna, wallahi kamar sauro a kwalba."

Basant ta buɗe baki. Yatsun Halti suka damƙe mata gwiwa. Tsohuwar ta jawo kanta, ta sa baki a kunnenta, numfashinta na warin magani.

"Kada ki ce masa ni ce."

Tuktuk ɗin ya faɗa rami ya fita. Basant ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta dubi idanun da ke cikin madubin.

"Ni ce, Usta."

Mutumin ya daburce, ya shiga ba da haƙuri, ya ce shi bakinsa ba linzami, kuma da sannu murya kan buɗe in an dage. Ya kai hannu zai kashe. Halti ta taɓa kafaɗarsa, ta yi masa alama ya bari.

Saura lungu uku su isa gida. Waƙa ta biyu ta shigo.