Taɓaryata Ce Agogon Maigida

Shekara goma sha ɗaya ni ce agogon maigidana, wanda duk unguwar Zango ke kira Ishaku Foto. Tun da agogon injinsa na faɗaɗa hoto ya mutu, maimakon ya sayi wani, sai ya ɗauke ni aiki ba albashi. Ɗakin duhunsa yana jingine da madafata. In ya shimfiɗa takarda ƙarƙashin injin sai ya ce, "Salamata, bismilla." Ni kuma in saki taɓarya sau goma sha biyu, ya kashe fitila. Haka fuskokin rabin unguwa suka fito, da gerona.

Ana nan, a shekarar 2004, Allah ya kira mahaifiyata Iyatu zuwa Makka. Alhaji Boukari, mai haɗa takardun alhazai a unguwar Dapoya, ya aiko cewa in hoton fasfonta bai iso kafin la'asar ba, sai baɗi. Tsohuwar da ke tashi da sanda, wa ya ba ta tabbacin baɗi? Tsoro ya kama ni sosai.

A ranar ce ƙwan injin ya ga damar mutuwa. Maigida ya ruga kasuwa ya dawo da wani, yana washe baki.

"Ampul ɗin Kano ne," in ji shi. "Ya fi na da ƙarfi sau nawa."

Wai shi nan abin alfahari ne. Na daka goma sha biyu, takarda ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Muka koma shida, ba ta sake zani ba. A uku, haƙoran Iya biyu kaɗai suka bayyana.

"Yi mini rabin bugu," ya ce ta bayan ƙofa.

"Malam, a ina ka taɓa ganin rabin bugu? Taɓarya ko ta sauka ko ba ta sauka ba."

"To ɗaga ki tsaya a sama."

Na tsaya da taɓarya a sama kamar mai jiran ɓarawo, Iya na kan tabarma tana kallona tana jan carbi. Wannan ma ta ƙone. Zoben da ake juyawa a rage hasken kuwa tsatsa ta cinye shi tun kafin a yaye autarmu. Takarda ta rage biyu, inuwa ta fara juyawa.

Raina ya ɓaci, na ce, "In wuta ta yi wa tuwo yawa, ba saurin tuƙi ake yi ba, itace ake janyewa."

Can ya leƙo, idonsa a kan baƙin mayafina mai shara-shara, wanda Iya ta saya mini a unguwar Cissin ranar sunan ɗana na fari. Ban so ba, amma na miƙa. Ya ninke shi huɗu, ya cusa tsakanin ƙwan da fim.

"Bismilla."

Na daka da dukkan ƙarfina. A bugu na tara na ji ƙauri. A na goma ya ce, "Kada ki tsaya, don Allah." Na cika sha biyu ina hawaye, rabi na mayafi, rabi na hayaƙi.

Ya fito da takarda tana ɗigar ruwa. Ga Iya nan sak, har da zanen da ke kumatunta da hararar da take yi wa mai hoto. Ya hau babur ɗinsa mobilet ya nufi Dapoya, hoton na bushewa a bakinsa. Mayafina kuwa ya samu ƙofofi huɗu, a jere, duk girmansu ɗaya. Geron da na so in surfa ya zama gari, ranar sai kunu muka sha.

Iya ta ɗaga mayafin, ta leƙo ni ta ɗaya daga cikin ƙofofin, ta ninke shi ta tura cikin jakarta.

"Iya, ai ya ƙone," na ce.

"Na gani. Shi ya kai ni, da shi zan je."