Mai Tocila na Tsohuwar Silima

"Baba ya ce ka shigo," in ji 'yar Mai Tocila, ko kallon Dogo ba ta yi ba.

Dogo ya tuɓe takalmi ya shiga. Gidan bango ɗaya yake da tsohuwar silimar garin, inda tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nuna wa mutane kujera cikin duhu. Da silima ta mutu aka sauke farin allon, aka buga dandamalin katako, 'yan wasan kwaikwayo suka gaji wurin. Kujeru kawai suke yi wa wasa, sai da Dogo ya fara kwaikwayon Mai Tocila: ɗingishin, tarin, da dalle wa masu latti haske a fuska yana musu tsawa. Nan fa zaure ya riƙa cika maƙil. Dogo ya yi ta lallashin kansa cewa tsohon ya daina fita, ina zai ji?

Ashe gadon tsohon a jikin bangon yake. Daga nan har jan kujeru ana ji.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa." Tsohon ya rame, sai idanu. "In dariya ta tashi har bango ya girgiza, nakan ce yauwa, na shigo. To ni kaɗai ne ban taɓa ganina ba. Tashi ka yi min."

Dogo ya so ƙasa ta tsage ya shige. "Baba, ka yafe ni."

"Kai, tashi mana."

Ya tashi. Tsakanin gado da bokitin wanka ya yi ɗingishin, ya yi tarin, ya ɗaga hannu kamar mai haska fuska. Ba wanda ya yi dariya. 'Yar tana bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa.

"Tarin ya yi," tsohon ya ce. "Amma ni ban taɓa haska fuskar kowa ba, ɗana. Wani ya makara ne, wani rigarsa a yage take. Ƙasa ake haskawa, mutum ya ga hanya ya zauna da mutuncinsa."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Barci ya ɗauke shi. Kafin Dogo ya sami ƙarfin halin komawa, Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Bayan an share makoki, 'yar ta aiko wa Dogo da tocilar, an ɗaure murfinta da roba, ba saƙon komai.

Ranar wasa zaure ya cika, aka kashe fitilu. "Mai Tocila! Mai Tocila!" Dogo na tsaye a dandamali, ƙafarsa ta ƙi ɗingishi. Can ƙofar baya ta buɗe, wata mata ta shigo tana laluben hanya. Jama'a suka juya, sun fara dariya tun kafin a haska ta.

Dogo ya sauko, ya kunna tocilar. Ɗan hasken ya sauka a siminti, gaban silifas ɗinta, ya yi gaba a hankali.