Kafaɗar Hagu ta Jolame

Saura kwana uku a buga wasan, Koci Ropate ya tara 'yan zari-rugar ƙasa a ɗakin cin abinci na masaukinsu da ke Suva, babban birnin ƙasar. Aka ja labule saboda hasken rana, aka kunna majigi. Apakuki yana can lungu a kan tabarmarsa yana naɗe bandeji. Shekara goma sha ɗaya yana bin ƙungiyar a matsayin maɗori mai tausa, ba a taɓa tambayarsa ra'ayi a kan wasa ba, shi ma bai taɓa bayarwa ba. Ɗori gadon gidansu ne tun kaka da kakanni, kuma gadon yana tafe da sharaɗinsa: abin da hannu ya taɓa a jikin mutum, baki ba ya faɗa.

Waɗanda za a kara da su ƙungiyar wata babbar ƙasa ce ta ƙetaren teku, yaran suna kiransu Manya. Rabon da a ci su tun ba a haifi kowa a ɗakin ba, in ka ɗebe kocin da Apakuki.

"Ku buɗe kunnuwanku," in ji Ropate, yana buga biro a tebur. "Ba za mu tsaya turereniya da su ba, kowane ɗayansu ya fi ku cin nama. Ƙwallo ta riƙa yawo hannu zuwa hannu, daga wannan gefe zuwa wancan, har ranar ƙarfe uku ta dafa su. Sun zo daga sanyi, bayan minti sittin za ku ga harsuna a waje. Kada wanda ya yi mini laifin banza kusa da gidanmu, mai bugunsu ba ya kuskure. Na ƙarshe kuma, duk wanda ya ɗaga ƙwallo sama wajen mai lamba sha biyar, ni da shi ne."

Ya danna majigin. Sai ga mai lamba sha biyar ɗin, mai tsaron bayan Manya, ya tashi sama ya cafe ƙwallo a tsakiyar mutum uku, ya dira, ya ratsa su kamar ba su nan. Aka sake nuna wani, aka sake nuna wani. Wannan shi ne Jolame, ɗan Unaisi ƙanwar Apakuki, wanda makaranta ta ɗauke shi zuwa ƙetare yana ɗan shekara sha shida, har ya zama nasu.

Maikeli, ƙaton da ake kira Tarakta, ya juyo da kujerarsa. "Baba Apakuki, tsakaninka da Allah, me kuka ba yaron nan yana jariri? Ƙwan tsuntsu?"

"Gwaza ce irin wadda ka ci," in ji wani daga baya, "shi ta tafi ƙafa, kai ta tsaya a tumbi."

Aka bushe da dariya. Ropate bai yi ba. Ya ce shi da masu na'urarsa biyu sun kwashe sati uku suna kallon wasannin yaron, guda arba'in da ɗaya, ba su ga ƙofa ko ta shigar allura ba. "Ba shi da rauni," ya ce. "Ku ƙaurace masa kawai."

Apakuki ya san ba haka ba ne. A hutun Kirsimetin da ya wuce Jolame ya zo masa ƙauye da sassafe, da damin yangona a hannu, saiwar da suke jiƙawa su sha, kamar yadda ake zuwa wajen manya, ya tura ƙofa ya rufe, ya cire riga. Ɗan 'yar'uwa a al'adarsu ba a hana shi komai a gidan kawunsa. Tun yana ƙarami yakan shigo ya ɗauki kaza, ya ɗauki rediyo, ya fita yana fito. Wannan karon hannu ya zo nema.

"Kawu, taɓa mini nan."

Yatsun Apakuki suka bi kafaɗar hagu, suka tsaya. Jijiyar da ke riƙe da gaɓar ta yage, saura ƙiris take lilo. Ya ce masa ya ɗaga hannun. Ya ɗaga zuwa daidai kunne, ya cije leɓe.

"Likitocinku sun sani?"

"In suka sani yanka ni za su yi, in zauna shekara guda, wani ya sa rigata. Bari in gama kakar nan. Na koyi juyowa in yi tsalle da dama, babu wanda ya lura. Kai kaɗai ka sani, Kawu. Ko Inna ban faɗa wa ba."

Kwana tara yana yi masa tausa da man kwakwa da ganye, sannan yaron ya koma.

Yanzu ga shi a lungu, ga masu digiri da na'urori sun ce babu ƙofa. Wani abu ya taso masa a ƙirji. Daga baya ya so ya kira shi kishin ƙasa, kuma akwai kishin a ciki. Amma akwai wani abin daban da ya fi shi ƙarfi: shekara goma sha ɗaya yana naɗe bandeji, yau ya san abin da duk ɗakin bai sani ba.

"Ba ya iya ɗaga hannun hagu sama da kunnensa," ya ce.

Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ropate ya dube shi, ya mayar da majigin baya, ya sake mayarwa. Duk tsallen da dama ne. Duk wanda ya zo masa ta hagu, sai ya juya jiki ya tare shi da ɗayar kafaɗar.

"Kai!" in ji Maikeli. "Ashe tsohon nan yana da baki."

Nan take aka sake shiri. Za a ɗaga ƙwallo sama can gefen hagunsa, kusa da layi, inda ba shi da filin juyawa. Mutum biyu za su bi ta da gudu. Ba za a taɓa shi a sama ba, wannan laifi ne. Za a jira ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sannan a same shi a kafaɗar. Komai bisa doka. Ropate ya dafa Apakuki a kan hanyarsa ta fita, ya ce, "Baba, ka yi wa ƙasa aiki."

Magana zarar bunu ce. Ranar Alhamis da Juma'a Apakuki ya yi ta tausa yana jin yaran suna maimaita shirin a fili, suna kiransa da sunan da suka raɗa masa, "gaisuwar kawu". Sau biyu ya ɗauki waya ya nemo lambar Jolame. Amma me zai ce? In ya gargaɗe shi, ya ci amanar yaran da ke kwance a ƙarƙashin hannunsa. Ya mayar da wayar aljihu.

Ranar Asabar filin ya cika ya batse, har a kan bishiyoyi akwai mutane. Da ƙungiyoyin suka fito, Jolame ya hango Apakuki a bakin layi da jakar bandejinsa, ya ɗaga masa gira, ya yi murmushi.

Ƙwallon farko da aka ɗaga, Jolame ya cafe ta, aka same shi, ya tashi yana karkaɗe wando. Ta biyu ta suɓuce masa, abin da ba a taɓa gani ba, filin ya ɗauki ihu. A ta uku, bayan an dawo hutun rabin lokaci, ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe, kuma da ya miƙe bai dubi benci ba, kada a cire shi. Lokacin Manya suna gaba da maki huɗu, amma rana ta fara aikinta, ƙattinsu suna tafe hannu a ƙugu.

Ta huɗun saura minti bakwai a tashi. Ƙwallon ta yi sama har ta shiga cikin rana. Jolame ya bi ta zuwa bakin layi, babu wurin juyawa, dole ya miƙa hannun hagu. Yana dira Maikeli ya iso. Apakuki yana taku goma daga wurin, ya ji ƙarar, ƙarar da ya sani fiye da kowa a filin. Ƙwallon ta gangara, wani yaron Ropate ɗan tsibirin Kadavu ya sure ta ya dangwara a bayan layi, maki biyar, bugun da ya biyo baya ya ƙara biyu.

Filin ya kece. Apakuki ya yi taku biyu cikin ciyawa kafin ya tuna rigar da ke jikinsa. Likitocin Manya suka wuce shi da gudu. Ya tsaya da gorar ruwa a hannu yana kallo aka fita da yaron, hannun yana reto.

An ci Manya da tazarar maki uku. A ɗakin sauya kaya yaran suka yi da'ira suka rera waƙar coci suna kuka, sannan Maikeli ya sunkuci Apakuki ya ɗora a wuya yana zagaye da shi. "Ga kocin gaskiya! Ropate, ka koma naɗe bandeji!" Apakuki ya riƙe kan ƙaton don kada ya faɗi, ya sunkuyar da kai, aka ɗauka kunyarsa ce ta kullum.

Washegari Lahadi, bayan an taso coci, saƙo ya zo daga Nausori, garin da Unaisi take zaune: an bar Jolame ya yini a gidan mahaifiyarsa kafin jirginsu, yana son ganin kawunsa. Apakuki ya hau bas ya tafi. Duk hanya tutoci ne a jikin motoci.

Unaisi tana bakin murhu da ya shiga. A al'adarsu tsakanin wa da ƙanwa akwai kunya. Tun da suka girma ba sa haɗa ido, ba sa magana kai tsaye. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa baƙo ɗansa yana ciki, abinci ya kusa." Ya dubi ƙasa ya ce, "A ce mata an gode."

Jolame yana zaune a tabarma, ya jingina da bango, hannun a rataye a wuya. Ya ga kawunsa ya washe baki.

"Masu nasara! Ka zo yi mini dariya ko? Zauna, Kawu. Wallahi rabina yana murna jiya, ina kan gadon asibiti ina jin gari yana ihu, na ce kai, mutanena."

"Me suka ce?"

"Sun ɗauki hoto sun gani. Yanka, shekara guda, wataƙila fiye. Babban likitan ya ce wannan ciwo ba na jiya ba ne, tun yaushe nake ɓoyewa? Ranar Talata zan zauna da shugabanni." Ya yi 'yar dariya. "Cire mini rigar nan ka taɓa. Su dai allura suka sani."

Apakuki ya kwance masa ratayar, ya zare rigar a hankali, ya zuba man kwakwa a tafinsa. Kafaɗar ta kumbura ta yi zafi. Yatsunsa suka sami wurin ba tare da nema ba. Abin da ke lilo a Kirsimeti yanzu babu shi.

"Amma kocinku maye ne," in ji Jolame, idonsa a rufe. "Sau huɗu, duk a hagu. Na yi ta tunani a ina na tona kaina. Ina jin wasanmu na watan Yuni ne, akwai inda na tare wani da hannu ɗaya. Shekara guda ina ɓoyewa, majigi ya kama ni."

Ga ƙofa a buɗe, yaron da kansa ya buɗe ta. Apakuki bai buƙaci ya yi ƙarya ba. Shirun da ya saba ya ishe shi. Ropate ba zai faɗa ba, yaran ma in sun faɗa, wa zai kai labari ƙetare? Ya ci gaba da murzawa. Jolame ya saki jiki a ƙarƙashin hannunsa, ya sauke numfashi, kamar yadda yake yi yana yaro in ya faɗo daga bishiyar kwakwa.

"Ba majigi ba ne," Apakuki ya ce. "Ni na faɗa musu."

Jolame ya buɗe ido. Ya kafa wa rufin kwano ido.

"Sun matsa maka?"

"A'a."

"Sun ce za su kore ka?"

"Babu wanda ya tambaye ni ma. Kocin ya ce ba ka da rauni, a ƙaurace maka. Ni na buɗe baki."

A waje wata mota ta wuce tana ta hon, yara suna bin ta da kiran sunan Maikeli. Jolame ya kai hannun dama ya kama wuyan hannun kawunsa. Bai fizge ba. Ya ɗaga shi daga kafaɗar a hankali, ya ajiye a kan tabarma.

"Da ka bar ni da zargin majigi, Kawu."

"Na sani."

"Da na ci gaba da zuwa wurinka."

Apakuki ya goge man da ke tafinsa. Unaisi tana tsaye a bakin ƙofa da tiren gwaza da kifi, ba a san tun yaushe ba. Ta shigo ta ajiye a tsakiyar tabarma, ta jera faranti uku kamar yadda ta shirya, ba ta dubi kowa ba.

Jolame ya lalubo rigarsa da hannu ɗaya, ya gwada sa kai a ciki, ta maƙale. Apakuki ya motsa zai taimaka.

"Inna," in ji yaron, "zo ki sa mini."