Bakin Gashin 'Yar Baba

Ranar Alhamis da safe mai wanki ya gane cewa ya yi ɓarna, kuma a wuyan farar riga ya gane. Ya ɗauko rigar makarantar 'yarsa zai goge, sai ya ga wasu baƙaƙen gutsattsari a wuyanta, ƙanana, kamar an barbaɗa ganyen shayi. Ya karkaɗe su, ya ɗaga dutsen guga, sannan zuciyarsa ta ce masa ya je ya duba matashin kanta. A can ma suna nan, har sun fi yawa. Shekara ashirin yana sana'ar wanki da guga, ya san zaren kowane yadi, kuma wannan ba zare ba ne.

"'Yar Baba, zo nan."

Yarinyar ta zo da burodi a hannu. Shekararta bakwai, ita kaɗai Allah ya ba su. Ya kwance mata ɗankwali, ya kamo jelar gashinta ya kai bakin taga. Daga tushe zuwa tsakiya yana nan baƙi wuluk, amma bakinsa ya yi ja-ja, ya bushe ƙamas, kowane sili ya tsage biyu, wani uku. Ya ɗan murza, sai ya karye a tafin hannunsa.

"Innalillahi," ya ce.

"Baba, wani ne ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Cinye burodinki."

Mako shida ke nan da aka kwantar da matarsa a asibiti saboda ciwon zuciya. Ranar da za a tafi da ita, yayarsa ta ba da shawarar a rage gashin yarinyar tunda babu mai kula da shi. Matar tana kan keken marasa lafiya ta riƙo hannun rigarsa ta ce, "Malam, amana ɗaya na bar maka. Tun ranar da na haife ta nake rainon gashin nan. Kada almakashi ya taɓa shi har na dawo." Ya ce ya ɗauka. Shi kuwa mutum ne da tun yana yaro malamansa suka dasa masa tsoron amana, ya san cewa nauyinta ba ya bin girman abin da aka damƙa.

Saboda haka ya tsaya wa gashin da iyakar abin da ya sani, abin da ya sani kuwa wanki ne. Kullum da sassafe sai ya dafa ruwa mai zafi, ya kawo sabulun da yake fitar da maiƙo daga kayan makanikai, ya cuɗa sau biyu, ya ɗauraye har sai gashin ya yi ƙara tsakanin yatsunsa, domin a wurinsa wannan ƙarar ita ce shaidar tsafta. Sai ya murɗe shi cikin tawul kamar yadda yake matse zanen gado, ya bi shi da na'urar busar da gashi don kada mura ta kama ta, ya taje daga sama zuwa ƙasa da ƙaramin mataji. Mai kuwa bai taɓa shafa mata ba. A sana'arsa, mai ba komai ba ne face tabo.

Yanzu ga shi jibi, ranar Asabar, za a bar yara su shiga ɗakin marasa lafiya a karon farko. Likita kuma ya ja masa kunne tun farko: kada a kawo mata abin da zai tayar mata da hankali.

Bayan la'asar ya rufe shago, ya kama hannun yarinyar zuwa wurin mai kitso, shago na uku daga nasa. Babbar mace ce mai kaifin baki, kuma shi yake wanke mata tawul-tawul. Ta zaunar da yarinyar gaban madubi, ta sa tabarau, ta ɗaga jelar gashin.

"Mai guga, me ka yi wa yarinyar nan? Dutsen guga ka ɗora mata?"

"Wankewa kawai nake yi, Hajiya."

"Sau nawa?"

"Kullum."

"Kullum! Da me?"

Ya faɗa mata. Ta cire tabarau ta dube shi, ta kira sauran matan da ke jiran layi su zo su ji. Ɗaya ta tambaya ko yana sa sitati, suka fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba, gumi ne yake bin bayan wuyansa.

Da ta ga halin da yake ciki sai ta sassauta murya. "Tsaya in tambaye ka. Idan aka kawo maka mayafin siliki, da ruwan zafi kake wankewa?"

"Subhanallahi, ai sai ya mutu. Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu mara kaifi, ba a murɗewa, a inuwa ake shanyawa."

"To ka san duk wannan, sannan ka wanke kan 'yarka kamar wandon makanike? Fatar kai tana fitar da maiƙonta, amma da ƙyar yake kaiwa baki, don bakin shi ne mafi tsufa, shi ya fi nisa da tushe. Ɗan abin da ya samu ka bi ka kwashe kullum, ka ƙara masa da wuta."

"Akwai magani?"

"Na bushewa akwai. Mai, da haƙuri. Wanda ya riga ya tsage kuwa ba ya haɗuwa, duk wanda ya sayar maka da kwalbar da za ta haɗa shi ya cuce ka. Sai an yanke, faɗin yatsa uku." Ta ɗauko almakashi.

Ya yi wuf ya sa hannu tsakanin almakashin da kan yarinyar. Ya ba ta labarin alkawarin.

"Ka san bakin yadi idan ya fara warwarewa," in ji mai kitso. "Ka bar shi, ina yake zuwa?"

"Sama yake yi."

"Haka wannan. Yau yatsa uku ne, nan da wata biyu tafin hannu ne. Bari in yanke, in yi mata kitso in cusa bakin ciki. Wallahi uwarta ba za ta gane ba."

Allah ya sani maganar ta shige shi. Idan ya yarda, babu tashin hankali, babu hawaye, zuciyar mara lafiya ta zauna lafiya. Har ya buɗe baki zai ce to, sai ya haɗa ido da 'yarsa a madubi. Ita ma za a ce ta yi shiru ke nan, ta shiga wurin uwarta ɗauke da ƙarya a ka.

"A'a," ya ce. "Ba ni da izini. A yi maganin bushewar dai."

Mai kitso ta yi tsaki, amma ta yi aikin. Ta jiƙa gashin da ruwa mai ɗumi, ta ɗumama man kwakwa a tafin hannunta, ta bi bakin gashin kashi-kashi tana shafawa. Ta nuna masa yadda ake warware shi da yatsu tukuna, sannan da mataji mai manyan haƙora, daga baki a hau zuwa tushe. Ta yi manyan kitso guda shida marasa tsauri, ta naɗe bakin kowanne ciki. Da za su fita ta cusa masa ƙaramin almakashinta a aljihu.

"Riƙe. Kada ka kuskura ka sa naka na yanke zare, dakushewarsa ita ma tsaga gashi take yi."

Ranar Juma'a bai yi aikin kirki ba. Ya goge hannun riga ɗaya sau uku, ya manta dutse a kan zanen teburin guga har ya yi tabo. Idan ya faɗa mata, zuciyarta fa? Idan ya yi shiru ya bar kitson ya rufa masa asiri, ai ya san hannunta: ba ta taɓa rungumar yarinyar ba tare da yatsunta sun gangara zuwa bakin gashin ba. A masallaci ya daɗe a sujada yana roƙon abin da bai taɓa zaton zai roƙa ba, yana jin kunyar ƙanƙantar buƙatarsa, sannan ya tuna cewa Wanda yake roƙo Ya san adadin kowane sili a kan yarinyar, babu abin da ya yi Masa ƙanƙanta.

Ranar Asabar da hantsi suka shiga. Gado na huɗu ne, kusa da taga. Ta rame, akwai allurar ƙarin ruwa a bayan hannunta na dama, a gefe kuma wata na'ura tana ƙidaya bugun zuciyarta da ƙaramin sauti. Yarinyar ta ruga ta faɗa jikinta tana kiran "Umma, Umma!" Shi ya tsaya a ƙarshen gado, idonsa a kan hannun hagun matarsa. Hannun ya shafi kitson, ya gangara, ya zaro bakin guda ɗaya, ya murza. Ya tsaya.

"Malam."

"Ni ne," ya ce da sauri. "Laifina ne, ba na kowa ba. Ya bushe, ya tsage. An ce sai an yanke yatsa uku, na ce ba ni da izini. Ban bari an taɓa ba. Don Allah kada ki tayar da hankalinki."

Sautin na'urar ya ƙara sauri, ko kuwa kunnensa ne ya ji haka. Ta kwance kitson, ta baza bakin a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo. Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. Ya juya zai kira ma'aikaciyar jinya, ta ɗaga yatsa ta tsayar da shi.

"Da me ka wanke?"

Yarinyar ce ta amsa. "Da sabulun kayan makanikai, Umma. Kullum. Sai ya yi ƙiiƙii Baba yake cewa ya fita."

Matar ta rufe ido. Kafaɗunta suka fara rawa, ya matso da sauri, sai ya ga ashe dariya take yi, hawayen bai ma bushe ba. "Kullum, Malam? Mako shida?"

"Ban tsallake ko rana ɗaya ba."

"Na sani," ta ce a hankali. "Ai shi ya sa na bar maka." Ta share fuska da gefen mayafi. "Akwai almakashi a asibitin nan?"

Ya zaro shi daga aljihu. Ta karɓa, amma allurar ta hana ta lanƙwasa hannunta na dama. Ta miƙa masa.

"Ni zan auna, kai ka yanke. Na ba ka izini."

Ya shimfiɗa farin hankicinsa a kan bargo. Ta riƙe kashi na farko tsakanin yatsunta, ta auna uku, ya yi bismillah ya datse. Suna yi tana karanta masa: wanki sau ɗaya a mako, da sabulun gashi, a fatar kai kawai, mai a baki duk bayan kwana biyu, ɗan kaɗan, a tsane ruwan da tsohuwar riga mai laushi, ban da murɗewa, na'urar busarwa a mayar da ita cikin kwali, ta riƙa kwana da ɗankwali mai santsi. Yana maimaitawa bayanta kamar ɗalibi a gaban malami.

A kashi na shida yarinyar ta waiwayo. "Umma, zai sake fitowa kafin ki dawo gida?"

Uwar ta dubi mijinta, shi ya dubi hankicin.

"Da yardar Allah ni zan riga shi," ta ce. "Juya, kada Babanki ya yanke miki kunne."